Yaƙi da Ciyawa a Ƙaramar Gona

Lacca ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Kusada



Yau maganarmu a kan ciyawa ce. Watakila wani zai ce a ransa, "Me kuma za a gaya mini a kan ciyawa, ni da na tashi da fartanya a hannu?" Gaskiyarsa. Babu mai koya wa mutumin Kusada riƙon fartanya. Amma mu duba maƙwabta biyu, gona tana jikin gona. Ruwa ɗaya ya sauka musu, iri ɗaya suka shuka. Da kaka ta yi, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya kuwa ko kuɗin iri bai mayar ba. Sau da yawa in an bincika, sai a tarar abin da ya raba su ɗan kaɗan ne. Na farko ya san ciyawar gonarsa, ya kuma san ranar da ya kamata ya tare ta. Na biyu ya bari sai da ta fi ƙarfinsa. To, a kan wannan sani za mu yi shawara yau.

Gonar da mu ke nufi

Muna nufin 'yar gonar nan ta bayan gari, eka ɗaya ko rabin eka, wadda a kan kai wa takin gida. A cikinta akwai masara kaɗan, da gero, da dawa, da wake a gicce. A gefe ga kuɓewa, ga yakuwa, ga rama, ga barkono da yalo. Daga cikinta a ke cin tuwo, daga cikinta kuma a ke samun abin kaiwa kasuwa, ko nan Kusada, ko Kankiya, ko Yashe a bakin titin Kano zuwa Katsina. Kuɗin gishiri da sabulu da maganin yara duk daga nan su ke fitowa.

Daminarmu gajeruwa ce. Ruwa ya kan zauna sosai a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wata huɗu ke nan, ko da ɗan ɗori. Wanda ciyawa ta cinye wa shuka a watan Yuli ba shi da wata damina sai baɗi.

Sati shida na farko

Abin da shuka ke bukata shi ciyawa ke bukata: ruwa, da taki, da hasken rana, da wurin miƙe saiwa. Akushi ɗaya su ke ci, kuma ciyawa ta fi saurin loma. In ka zuba taki a gonar da ba a nome ba, ciyawa ka ciyar.

Ku lura da wannan. Ɓarnar ciyawa ta fi yawa a sati shida na farko bayan shuka. A lokacin nan shuka jaririya ce, saiwarta ba ta yi nisa ba, ganyenta bai yi inuwa ba. In ta sha wuya a kwanakin nan, ko an nome ta daga baya ba ta komawa daidai. In kuwa aka tsare ta har ta rufe ƙasa da ganye, ita da kanta za ta danne ciyawa, gama ciyawa ba ta son inuwa.

Sabo da haka a yi noman firi sati 2 ko 3 bayan shuka, tun ciyawa tana kamar gashin jariri. A lokacin a ke rage shukar da ta yi yawa a rami. A yi maimai a sati na 5 ko na 6, sa'an nan a bi da huɗa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Aikin da mutum ɗaya zai gama a kwana biyu tun ciyawa tana ƙarama, in ta yi ƙarfi sai ya nemi 'yan ƙwadago ko ya kira gayya.

Akwai wani dalili kuma. Da Agusta ya kama, marka ta sauka, ƙasa ba ta bushewa. Ciyawar da aka nome da safe, in ruwa ya biyo da yamma, sai ta sake kama ƙasa ta miƙe. Wanda bai gama maimai kafin marka ba, noma biyu zai yi a madadin ɗaya. Ko a wane wata ne, noma ya fi kyau da safe a ranar da rana ta buɗe, don ta ƙone abin da fartanya ta tuge.

Ga mai kayan kasuwa, lokaci kuɗi ne a fili. Kuɓewa ta kan fara 'ya'ya wajen wata biyu bayan shuka, a riƙa tsinkarta bayan kwana biyu ko uku. Wadda ciyawa ta shaƙe ta kan makara, ta yi 'ya'ya kaɗan. Kafin mai ita ya kai kwando ɗaya, kuɓewa ta cika kasuwa, ta yi araha.

Ciyawa iri-iri ce

Duk ciyawa mu ke ce musu, amma halinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Bari mu kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko su ne masu fitowa daga iri ko wace shekara: ƙarangiya, da harkiya, da gude-gude, da komayya, da tsidau, da kashin-yawo. Waɗannan fartanya tana kashe su. Ƙarfinsu duka a 'ya'yansu ya ke. Ƙarangiya da kashin-yawo su kan maƙale a riga da jikin dabbobi, a kai su wata gona kyauta. Kashin-yawo ma asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Kudu ya ke, ga shi yawo ya kawo shi har ƙofar gidanmu. Maganinsu ɗaya ne: kada a bar su su yi 'ya'ya. Mutane da yawa, da an yi huɗa sai su jingine fartanya. Ciyawar ƙarshen damina kuwa ita ke zuba irin da za mu yi fama da shi baɗi. Haka kuma ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da irin ciyawa. A tara taki ya ruɓe sosai kafin a kai shi gona.

Kashi na biyu su ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, ko a jikin kara: aya-aya, da kiri-kiri, da tofa, da balasa. In ka sare kan aya-aya, aski ka yi mata. Ƙwayoyinta suna ƙasa a jere kamar tasbaha, ko wace ɗaya tana iya tsirowa. Balasa kuwa, in ka daddatsa ta ka bar ta a ƙasa mai laima, gaɓoɓinta sai su yi saiwa. Irin waɗannan a kan tono su, a kwashe, a fitar da su daga gona, a shanya a inda rana za ta ƙone su. Wurin da aya-aya ta yi yawa, a kafce shi da rani don rana ta busar da ƙwayoyin.

Kashi na uku shi ne ƙuduji. Shi za mu daɗe a kansa.

Ƙuduji, ɓarawon ƙarƙashin ƙasa

Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, kowa ya san furensa mai kyaun gani a gindin dawa. Sauran ciyayi suna ci tare da shuka ne a akushi ɗaya. Shi kuwa daga jikin shukar ya ke sha, kamar kaska a jikin saniya.

Ga yadda ya ke yi. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Yana kwance a ƙasa, ba ya tsirowa don ruwa kaɗai. Sai saiwar dawa, ko ta gero, ko ta maiwa, ko ta masara ta zo dab da shi. Saiwar nan tana fitar da wani ɗan ruwa da ido ba ya gani. Da irin ƙuduji ya ji shi, sai ya tsira, ya kama saiwar, ya huda ta, ya fara tsotso. Ya kan yi sati huɗu har zuwa shida yana sha a ɓoye kafin ya leƙo waje. Shi ya sa za ka ga dawa ta tsumbure, ganyenta ya yi kamar wuta ta taɓa shi, alhali ga laima a ƙasa. Sa'ad da ka ga ƙuduji da idonka, ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa ta bana.

To, in haka ne, mene ne amfanin cire shi? Amfanin na baɗi ne da shekarun da ke gaba. Tushen ƙuduji ɗaya yana iya zuba 'ya'ya 50,000, wani ma ya fi haka. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Tushe 10, 'ya'ya 500,000. Tushe 20, miliyan ɗaya. Kuma irin nan yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 da ransa, yana jiran dawa. Wanda ya bar ƙuduji ya yi 'ya'ya a gonarsa, ya bar wa 'ya'yansa gādon wahala.

Kada ku ga kamar mu kaɗai abin ya dama. A shekarar 1956 aka ga wani ɗan'uwan ƙuduji mai jan fure a gonakin masara a Amurka, a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu. Hukuma ta killace wurin, ta sa ido a kan duk abin da ke fita daga gonakin. Duk da kuɗinsu da injunansu, sun yi fiye da shekara 50 suna fama kafin su ci ƙarfinsa. Abin da ya ba su nasara shi ne naci, da hana shi yin 'ya'ya shekara bayan shekara. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfinmu ba.

Ga hanyoyi biyar na yaƙi da shi.

Ta ɗaya, cirewa. A tuge shi da ya fara fure, tun bai yi 'ya'ya ba. Kada a yar da shi a kunya, gama wanda ya riga ya yi fure yana iya ƙarasa nunar 'ya'yansa ko bayan an cire shi. A tara shi a buhu, a kai gefe, a ƙone. A koma bayan sati biyu, don wani zai sake fitowa. Bayan an girbe gero ma a zaga gona, kada a ce aiki ya ƙare.

Ta biyu, taki. Ƙuduji abokin gajiyayyar ƙasa ne. Masana sun gano cewa sa'ad da dawa ta ji yunwa, saiwarta ta fi fitar da ruwan nan mai ta da shi. Watau in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takin gida, da na zamani in da hali, suna rage shi, suna kuma ba dawa ƙarfin jurewa. Ku dubi gindin gawo. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, dabbobi su sha inuwarsa da rani su bar kashi. Dawar gindinsa ta fi ta fili kyau. Kada mu sare gawo a gona.

Ta uku, yaudara. Akwai shuke-shuken da saiwarsu ke ta da irin ƙudujin dawa, amma ba ya iya kama su. Auduga tana ciki, da gyaɗa, da waken suya, da wake. A shekarar 1966 masana suka fara ware sinadarin nan mai ta da shi, kuma daga saiwar auduga suka same shi. In ƙuduji ya tsira bai sami abin kamawa ba, cikin 'yan kwanaki sai ya mutu. Sabo da haka wurin da ya yi yawa, a ɗauke masa dawa da gero, a sa gyaɗa ko waken suya shekara biyu ko uku. Ga kuɗi a kasuwa, ga ƙasa ta farfaɗo, ga irin ɓarawo yana raguwa.

Ta huɗu, iri mai jurewa. Wake ma yana da nasa ƙudujin, gajere mai rassa da yawa, wanda ba ya kama dawa. Ma'aikatar binciken noma ta Samaru kusa da Zariya, wadda aka kafa tun 1922, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 10 a shekarar 2008, wanda ƙudujin wake ba ya cin ƙarfinsa. Akwai kuma irin masara da na dawa masu jurewa. Ku tambayi malamin gona na KTARDA wanda ya dace da gajeruwar daminarmu.

Ta biyar, tsabta da haɗa kai. Irin ƙuduji yana bin iska, da ruwan gudu, da kofaton shanu, da ƙasar da ta maƙale a garma. Yana kuma shiga cikin hatsin da aka sussuke a ƙasa. Zangarniyar da za a ajiye don iri, a yanke ta daga kan kara, kada ta taɓa ƙasa. A kakkaɓe garma kafin a shiga wata gona. In ka cire naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iska za ta raba muku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kai maganar gaban mai unguwa, a sa rana, a fita tare.

Ciyawar da ba ta yarwa ba ce

Kashi na huɗu su ne waɗanda Allah ya tsirar mana ba mu shuka ba, amma abinci ne. Tafasa, da lalo, da gasaya, da karkashi, da yaɗiya. Iyayenmu mata sun fi mu sanin darajarsu. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ya riƙe gidaje da yawa. Lalo da karkashi a kan shanya su a sayar da rani. Harkiya da gude-gude kuwa, dami ne na tumaki da jakuna, a gari ma har sayensu a ke yi.

Amma tafasa a gindin barkono, ita ma ruwan barkono ta ke sha. Sai a ba ko wanne wurinsa. A cikin kunya a tsinke su tun suna ƙanana a kai gida. A gefen gona da bakin shinge a bar su su girma.

Maganin feshi da amfanin karatu

A zamanin nan mutane da yawa sun koma ga maganin ciyawa na feshi, don ƙwadago ya yi tsada. Yana rage wahala, ba mu musa ba. Amma a nan ne karatun da ku ke yi zai cece ku, gama magungunan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda a ke fesa wa ƙasa mai laima bayan shuka, tun kome bai tsiro ba. Akwai wanda ke kashe duk wani ɗanyen ganye da ya taɓa, ko ciyawa ko kuɓewa, kamar wanda a ke rubuta Glyphosate a jikin kwalbarsa. Wanda ya dace da masara yana iya kashe waken da ke gicce a cikinta. Wanda a ke rubuta Paraquat kuwa dafi ne da ba shi da makari, kurɓi kaɗan yana kashe mutum. Ku kuma sani, maganin da a ke fesa wa ganye ba ya kai wa ga irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa.

Ku dubi ƙasan takardar da ke jikin kwalba, za ku ga ratsin launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ku karanta awon da aka rubuta, kada ku ƙara don ku ga aiki da sauri. Abin da ba ku gane ba, ku kai wa malamin aji ko malamin gona. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mai feshi ya sa takalmi da doguwar riga, ya rufe hanci da baki. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Kada ya yi feshi ana iska. In ya gama ya yi wanka da sabulu. Kada a sa yaro feshi. Kada a wanke injin a bakin rijiya ko tafki. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa. Wurin da aka fesa kuwa, a gaya wa mata masu tsinkar tafasa da yara masu yankan ciyawa, don kada dafi ya shiga tukunya. In wani ya sha bisa tsautsayi, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Littafin gona

Abu na ƙarshe. Kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta aikin gonarsa. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Ga misali:

12 ga Yuni, na shuka gero da kuɓewa.
28 ga Yuni, na yi firi.
20 ga Yuli, na yi maimai.
25 ga Agusta, na cire ƙuduji a kusurwar gabas, buhu ɗaya.

Da ka rubuta ranar shuka, ka san ranar firi, ka san ranar maimai, sai ka shirya tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Baɗi kuma, in ka buɗe littafin, ka san kusurwar gabas ta gyaɗa ce. Bayan shekara uku ka ƙidaya buhunan ƙudujin da ka ke cirewa, ka gani da idonka ko suna raguwa.

To, jama'a, a nan za mu tsaya. Allah ya sa mu ga kaka lafiya, ya cika rumbunanmu, ya ƙara mana ilmi mai amfani. Amin.

Tambayoyi

1. Sati nawa bayan shuka ya kamata a yi noman firi?
2. Don me ba a barin balasa a cikin kunya bayan an nome ta?
3. In tushen ƙuduji ɗaya ya zuba 'ya'ya 50,000, nawa tushe 6 za su zuba?
4. Faɗi shuke-shuke uku da ke yaudarar ƙudujin dawa.
5. Wane launi ne a jikin kwalbar magani ke nuna haɗari mafi girma?
6. Rubuta sunayen ciyayi biyar da ke gonarka.